Miyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Tun daren jajiberi na ɗaure kindirmon Dudu
a farin ƙyalle, na rataye a reshen darbejiya,
yana ɗiga cikin tasa, ɗis, ɗis,
har barci ya sace ni ban gama ƙirga ba.
Da asuba ruwan ya gudu ya bar jikin,
fari fat, da kauri, cokali ya tsaya a kai da ƙafarsa.

Marwa duk ta tafi Idi.
Ni ina bisa turmi a kife, faranti a cinya.
Na goga karas har yatsuna suka sha lalle,
na fere kokwamba, na ƙwaƙule 'ya'yan, na matse a tafi,
don Yaya Ilu ya ce ruwa ne munafukin wannan miya,
shiru yake shiga, ya raba kan kowa.
Albasar Meskin, rabin guda,
ta karɓi kukan da na ɓoye tun wancan watan.
Tafarnuwa ƙwara biyu. Lawashi.
Na'a-na'a daga gindin rijiya.
Jan tattasai, don ido ma baƙo ne, a ba shi nasa.

A Waza ya koyo ta, a kicin ɗin masauki,
zamanin da ake zuwa kallon raƙumin dawa.
Baƙi suka ɗauke ƙafa, aka sa kwaɗo a ƙofa.
Yanzu yana Duwala bisa babur, ruwa na dukansa,
bana kuɗin mota ya fi ƙarfin zumunci.

Na juya, na barbaɗa gishiri, na matsa lemun tsami.
Na ɗanɗana.
Ga kamar, ga ƙamshin, amma ba ita ba ce,
tamkar ka hango ɗan'uwa a kasuwa,
ka dafa kafaɗarsa, wani ya waiwayo.
Sau uku na kira wayarsa,
wata mata na ba ni haƙuri da Faransanci.

Rago ya riga ya kwanta, Inna na wankin tumbi.
Ita ta raɗa wa abin suna: miyar ragwaye,
wadda ba ta ga wuta ba, ba ta gaida murhu ba.
Shekara bakwai ba mu ga ta kai ta baki ba.
Sai ga ta, ta ɗauraye hannu,
ta dangwala ɗan yatsa, ta lumshe ido,
ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba,
ta fito da ƙulli a bakin zane:
riɗi ne, soyayye, dakakke, har ya fara tsatso mai.

"Cokali biyu," in ji ta. "Shi ma bai sani ba.
In ya juya neman faranti nake zubawa.
Yana tsammani Waza ce ta ba shi hannu."

Aka ɗauke wuta, firji ya koma akwati.
Na ɗora kwanon a bakin randa,
na lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu har la'asar.

Haƙarƙari ya sauka daga gawayi yana tsartuwa,
an yayyanka dogon burodi, ga soyayyen dankali.
Kawu Bako ya tsoma tsoka mai yaji,
ya tauna, ya sake tsomawa kafin ya yi magana,
yara suka kewaye kwanon har gwiwa na gugar gwiwa,
hancin Ladiyo ya yi fari.

Da magariba waya ta yi kuka.
Ina jin hon da ruwan Duwala a bayan muryarsa.
"Ta yi?" ya ce, tun kafin barka da Sallah.
Na dubi Inna.
Tana can gefe da ƙarshen burodi tana suɗe gindin kwano,
ta ɗago, ta kaɗa mini yatsa.

Na ce, "Ta yi, Yaya.
Yadda ka koya mini."